Mutumin da Ya Riƙe Bokiti

Mai askin da ke bayan makarantar sakandare bai taɓa son bishiya ba, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya ji wannan da kunnensa. Shagonsa ɗaki guda ne, da madubi biyu, ɗaya ya tsage daga sama har ƙasa, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa hagu, da bencin masu jiran layi. Daga ƙofar shagon har inda titin ya yi kwana bishiyoyi ne a jere, manya-manya, masu ƙananan ganye da ke shiga ko'ina, cikin kwanon sabulu, cikin hoda, cikin wuyan rigar mutum. Kowace safiya sai ya share ganye kafin ya share gashi, yana yi yana mita, tsuntsaye kuma suna sama suna jiran ya shanya tawul.

Matarsa ce ta dasa su. Lokacin da ya kama shagon yana saurayi, da almakashi guda da madubin aro, titin fayau yake, ko kare ba ya samun inda zai fake. Da suka yi aure suka tare a ɗakin da ke bayan shagon, sai ta soma tsirar da iri a gwangwanayen madara, tana jera su a bakin taga. Ruwan da ya wanke aska da burushi ba ta bari a zubar, da shi take ban ruwa, har maƙwabta suna tsokanarta cewa bishiyoyinta gemu za su fitar. In kujera ta karye a shagon, kafin ya kira kafinta ta riga ta yi wa wani tsiro shinge da ita saboda awaki. Shi kuwa aikinsa tsayawa a ƙofa yana gaya mata cewa itacen girki take raino don mutanen da ba za su gode mata ba. Ita dai sai ta ci gaba da ban ruwanta. Mace ce da ta fi shi aiki, shi kuma ya fi ta baki, a haka suka zauna lafiya.

Wata rana, bayan bishiyoyin sun kai tsawon mutum, wani mai ɗaukar hoto na jarida ya biyo ta titin, ya ga kore inda ya saba ganin ƙura, ya tsaya. Tana tsaye da bokiti a hannu, sai ta jiyo ƙaurin tukunyarta. Ta cusa wa mijinta bokitin ta ce ya riƙe mata, ta ruga ciki. Mai hoto yana sauri, ya ga namiji da bokiti kusa da bishiya, ya ɗauka, ya tambayi sunansa, ya wuce. Da jaridar ta fito, mai aski ya yanke hoton ya sa a firam ya rataye saman madubi. Matar ta yi dariya har da tari, ta ce ko ba komai yanzu akwai shaidar cewa ya taɓa riƙe bokiti a rayuwarsa. Ita dai ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba har ta rasu, kullum tana da abin da ya fi wannan muhimmanci a hannu.

Bayan rasuwarta ya ci gaba da aski, gashin kansa ya ci gaba da zubewa ba tare da taimakon aska ba. 'Yarsu tilo ta dawo ɗakin baya da zama tare da 'yarta, yarinya mai yawan tambaya wadda ya laƙaba wa suna Farfesa tun tana rarrafe. Farfesa ba ta riski kakarta ba, ta dai taso a inuwarta.

Shekaru sun ja, sai wata rana ɗalibai suka soma zuwa titin da wayoyi a hannu, suna ɗaukar hoton bishiyoyi, suna shafa su kamar sun zo gaida mara lafiya. Ashe akwai wani kundin sani a intanet, wanda kowa yake iya shiga ya rubuta abin da ya sani, ko abin da yake jin ya sani, kuma wani bawan Allah ya buɗe wa titin shafi. Ya samo tsohon hoton jaridar ya liƙa, ya rubuta cewa wani mai aski ne ya dasa bishiyoyin. Wani kuma, da ya tuna an taɓa cewa mai bishiyoyin nan ta bar duniya a shekara kaza, ya shiga ya ƙara shekarar. Shekarar daidai take, mutumin ne ba daidai ba. Haka aka kashe mai aski yana tsaka da gyara wa wani gashin baki.

Ɗaliban farko da suka leƙo shagon sun gaishe shi cikin ladabi, suka tambaye shi ko ya san marigayin. Ya ce ai shi ne. Suka dubi waya, suka ga saurayi mai suma kamar hula, suka dubi sanƙonsa yana sheƙi, suka sake duban waya. Ɗaya ta rufe baki da littafi. Babbansu ya ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya gode da barkwancin, amma aikin makaranta ne, da gaske suke. Mai aski ya nuna musu firam ɗin da ke saman madubi, suka ce lallai Baba yana ƙaunar marigayin tunda har ya rataye hotonsa.

Da ya ga gaskiya ba ta karɓu ba, sai ya gyara tsayuwa ya ce to, maƙwabci ne shi, ya san marigayin ciki da waje. Nan take aka zaro biro. Ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri, aka rubuta. Ya ce kyakkyawa ne, aka rubuta. Ya ce bai taɓa yanke kunnen kowa ba, wannan ma aka rubuta, alhali akwai direban da har yau yake yawo da shaida. Kafin yamma duk maganganun sun hau shafin, an ce in ji wani dattijo maƙwabcinsa.

Abin ya yi masa daɗi, babu amfanin ɓoyewa. Wane ne ba ya son ya ji yabon da za a yi masa bayan ransa, yana zaune yana shan shayi? Kowane zangon karatu sabbin ɗalibai suna zuwa, shi kuma yana ƙara wa marigayi gishiri. Abin da bai faɗa ba su suke cikewa. Shafin ya ce marigayi ya yi karatun tsirrai a ƙasar waje. Ya ce yana kiran kowace bishiya da sunanta. Wani yaro da ya gaji da bincike ya rubuta cewa marigayi ya ƙirƙiro wani nau'in bokiti, maganar ta zauna daram, har aka yi tambaya a kanta a jarrabawa. Ciniki ma ya ƙaru, domin mutane suna son a yi musu aski a shagon da marigayi ya bari.

Malamin tarihin makarantar, wanda ya yi shekara da shekaru yana aski a wurinsa, ya tsani kundin nan tsana mai tsanani. Ya kafa doka cewa duk ɗalibin da ya kafa hujja da shi ya faɗi, sai an kawo madogara bugaggiya a takarda. Ɗalibai suka bi doka sau da ƙafa. Suna kwafo daga kundin, su rubuta a ƙasa cewa daga mujallar makaranta suka samo. Mujallar makaranta kuwa ayyukan ɗaliban bara ne aka tattara aka buga. Wata jarida ta ɗauko daga mujallar, kundin ya dawo ya kafa hujja da jaridar da mujallar gaba ɗaya. Magana guda ta zagaya ta dawo gida da shaidu uku, kowannensu yana rantsuwa da ɗan'uwansa.

Ana cikin haka shugabar makarantar ta sanar cewa a ƙarshen shekara za a kafa allon ƙarfe a bakin titin, da sunan wanda ya dasa bishiyoyin, kuma daga binciken ɗalibin da ya fi kowa za a ɗauko abin da za a rubuta. Farfesa tana ajin ƙarshe a lokacin. Ta zauna ta rubuta abin da mahaifiyarta ta sha gaya mata, da gwangwanayen madara da ruwan aska da kujerun da suka zama shinge. Malamin tarihi ya dawo mata da takardun da jan biro a kowane shafi, kalma guda yake ta maimaitawa da alamar tambaya: madogara.

Ta shigo shagon da rana tsaka babu kowa, ta ajiye jaka a benci, ba ta ko gaishe shi da tsokanar da ta saba ba.

"Kaka, wa ya dasa bishiyoyin nan?"

Ya duƙufa yana goge haƙoran injin aski da tsohon burushi, ya ce ai kowa ya sani.

"Ban san kowa ba. Kai nake tambaya."

'Yarsa ta ɗaga labulen ƙofar baya ta tsaya, hannunta da kumfa. Tsayuwar uwarta sak. Mai aski ya ce, a hankali, kakarta ce.

Farfesa ta zaro waya ta karanta masa wani layi daga shafin, inda aka ce marigayi yana fitowa tun rana ba ta fito ba, shi kaɗai ba mataimaki, yana ɗaukar bokiti har kafaɗarsa ta karkace, kuma bai taɓa neman a gode masa ba. A ƙarshen layin an rubuta cewa in ji maƙwabcinsa. Ya tuna ranar da ya faɗi wannan. Matarsa yake gani a idonsa sa'ad da yake faɗa, da karkatacciyar kafaɗarta da komai, sai dai ya ɗauke ta ya sa kansa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji kewarta ta taso masa sabuwa fil kamar jiya aka fita da ita. Shafin bai ma ce marigayi ya taɓa aure ba. In aka kafa ƙarfen nan da sunansa, shi ke nan, ba ta taɓa zuwa titin ba.

Ya ce a gyara yanzu-yanzu. Farfesa ta shiga shafin ta goge sunansa ta sa na kakarta. Kafin shayinsa ya huce an mayar da shi yadda yake. Wani mai gadin kundin, wanda sunansa haruffa ne da lambobi, ba a san ko namiji ne ko mace ba, ko ma a wace duniya yake kwana, ya bar saƙo cikin ladabi cewa gyaran ba shi da madogara. Farfesa ta rubuta cewa mutumin da ke cikin hoton ga shi zaune kusa da ita, shi ya faɗa da bakinsa. Amsa ta zo cewa bisa madogara uku mutumin ya rasu, kuma ko da yana raye, ba a karɓar shaidar mutum a kan kansa. Mai aski ya karɓi wayar ya kawo ta saitin bakinsa ya yi mata bayani da ƙarfi, ya haɗa da rantsuwa. Farfesa ta ce ba ta ji, ba kira ba ne.

Ya jira malamin tarihi ya zo aski. Sai da ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya shafe masa haɓa da kumfa, ya ɗora aska, sannan ya gaya masa komai. Malamin ya ɗaga ido ya dubi firam, ya dubi fuskar da ke madubi, ya sake duban firam. Kunnuwan iri ɗaya ne, manya, a buɗe kamar hannun tukunya. Kumfa ta soma bushewa a haɓarsa. Ba mugun mutum ba ne, kuma ba wawa ba ne, sai dai shi da kansa ya rubuta ta'aziyyar marigayi a mujallar bara, shafi biyu cur, har shugabar makaranta ta yaba.

"Baba," in ji shi, yana magana a hankali saboda askar, "a raye na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma a rubuce ka rasu."

Ya ƙara da cewa in yana son ya dawo duniya sai an janye mujalla, a nemi jarida ta ba da haƙuri, a jira wani ya buga labarin janyewar, kuma duk wannan ba zai yiwu kafin a kafa allo ba. Mai aski ya gama masa askin, ya bar masa gefe guda ya fi ɗaya tsawo, da gangan.

Washegari yana shara, ganye na zubowa a inda ya gama sharewa, sai dabara ta faɗo masa. Shi mai aski ba a jin maganarsa, amma maƙwabcin marigayi ai ba a taɓa mayar masa da magana ba. Duk abin da wannan dattijon ya faɗa, kafin yamma ya zama ilimi.

Da rukunin ɗalibai na gaba suka zo, ya zaunar da su a benci, ya sauke murya, ya ce ya tsufa, ba ya son ya tafi da nauyi a wuyansa. Marigayi dai malalaci ne na ƙarshe. Bai taɓa dasa ko barkono ba. Matarsa ce ta yi komai, ga sunanta, a rubuta da kyau, ya sa kowa ya karanta masa abin da ya rubuta. Bokitin da ke cikin hoton ma nata ne, ba shi aka yi ya riƙe. Ɗalibai suka yi ta rubutu, domin babu abin da ya kai tonon asirin mamaci daɗin bincike.

Farfesa ta ce ita ba za ta rubuta ƙarya a aikinta ba, ko don kakarta. Ya ce wa ya ce ta yi ƙarya? Ta rubuta cewa ta yi hira da wani dattijo mai aski a titin, wanda ya san ma'auratan ciki da waje, kuma yana wurin ranar da aka ɗauki hoton. Ta juya maganar ta kowace fuska ba ta sami inda ta karkace ba. Malamin tarihi ya karanta, ya yi gyaran murya, ya ba ta maki mafi yawa, ya kuma sa aka buga hirar a mujallar makaranta ba tare da ya haɗa ido da kowa ba. Jarida ta ɗauka. Mai gadin nan mai lambobi ya ga madogara biyu bugaggu, ya karɓi gyaran, har da godiya.

Sai dai ɗalibai ba su san tsayawa ba. Yadda suka gina marigayi haka suka rushe shi. Karatun ƙasar waje ya ɓace, aka ce koro shi aka yi. Aka ce yana tsoron ruwa. Aka ce ya taɓa kai ƙarar bishiya. Bokitin da ya ƙirƙiro aka ce satar fasaha ce. Masu zuwa aski suna zaune a kujerarsa suna tsine wa marigayi, shi kuma yana tsaye a kansu da almakashi yana cewa ai kaɗan ma suka gani. Tsofaffin titin da suka san komai suka mayar da abin wasa, kowace safiya sai sun leƙo sun yi masa gaisuwar rashin kansa. 'Yarsa ce kawai abin ya dama. Ta ce wane irin abu ne mutum yana raye yana zagin gawarsa, mutuncinsa fa? Ya ce mutuncin da ya ci na aro ne, ya daɗe a hannunsa, ya isa haka.

Ranar da aka kafa allon an jera kujeru a ƙarƙashin bishiyoyi, ganye na zuba a kan manyan baƙi. An kira 'yarsa da Farfesa gaba a matsayin iyalin marigayiya. Shi ba a kira shi ba, domin mijin marigayiya ya riga ya rasu, kuma ba a so a ɓata taro da ambatonsa. Ya tsaya a ƙofar shagonsa da tawul a kafaɗa, ya ji an karanta sunanta ta lasifika, an ma faɗe shi daidai. Ya koma ciki ya ce wa wanda ke kan kujera ya sunkuyar da kai, duk da askin bai kai ƙeya ba tukuna.

Da taro ya watse Farfesa ta shigo da waya, ta ce akwai sauran abu guda. Hoton yana nan a shafin, tunda babu wani, amma an canza rubutun da ke ƙarƙashinsa. Ta karanta masa: wani mutum da ba a tabbatar da ko wane ne ba, riƙe da bokitinta. Ta ce wannan kam za ta iya gyarawa, tana da madogara. Ya ce ta bar shi haka, tunda aka buɗe shafin nan ba a taɓa rubuta gaskiya kamar wannan ba.

Sai ta ce ya duba nan. Ta sa yatsu biyu ta buɗa kusurwar hoton ta ƙasa, wajen ƙofar shago, har ya cika fuskar wayar. Dishi-dishi ne, amma ana gani: gefen zane, da dunduniya guda a ɗage, cikin silifas, ta mai sauri za ta shige ɗaki. Shekaru nawa hoton nan yana rataye saman madubinsa, kullum yana kallonsa, bai taɓa duban wurin ba, kansa kawai yake kallo.

Ya goge hannu a tawul ya karɓi wayar da hannu biyu. Mutumin da ke kan kujera, rabin kai a aske, ya ɗago zai yi magana, Farfesa ta girgiza masa kai. Mai aski ya daɗe yana kallon dunduniyar, wayar ta yi duhu, yarinyar ta taɓa ta ta sake haske.

"Ita ce," in ji shi. "Cewa ta yi in riƙe mata, yanzu za ta dawo."